Wata Bakwai Ba Albashi: Mu Kai Ƙara A Rushe Kamfanin?

Tambaya: "Barista, barka da aiki. Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin casar shinkafa a nan Sakkwato. Mu arba'in ne, kuma wata bakwai ke nan ba mu ga albashi ba. Injina sun tsaya, manaja kullum sai ya ce mu ƙara haƙuri, ga shi mun ji banki na bin kamfanin kuɗi masu yawa. Ɗana ya karanta a intanet cewa in ma'aikata suka shigar da ƙara a rushe kamfani, gwamnati na biyansu daga wani asusu. Gaskiya ne? In ba haka ba ne, mi ya kamata mu yi?"

Amsa: Malam, Allah ya kawo mafita. Abin da ɗanka ya karanta gaskiya ne, sai dai ba a ƙasarmu ba. A Hong Kong akwai asusun da aka kafa tun 1985, ana tara kuɗinsa daga harajin rajistar kasuwanci, kuma a can shigar da ƙarar rushe kamfani yana cikin abubuwan da ke buɗe wa ma'aikaci ƙofar karɓar wani abu daga ciki. A Ingila ma gwamnati na biyan bashin albashi har na mako takwas idan kamfani ya karye. A Najeriya babu irin wannan asusun. Hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, wadda kamfanoni ke ba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, aikinta diyyar rauni ne, ko cuta ko mutuwa a bakin aiki. Ba ta biyan albashin da aka hana mutum. Duk sisin da za ku samu, daga cikin abin da ya rage wa kamfanin zai fito. Shi ya sa kafin a yi maganar kotu, sai an san abin da ya rage, da kuma wanda ya riga ku ɗora hannu a kai.

Amma akwai abin da ya zo kafin wannan ma. Ka tabbata kamfani ne? Mu nan duk inda inji ke ƙara da geti da maigadi, kamfani muke ce masa. Doka ba haka take kallonsa ba. Duba katin shaidar aikinka, ko buhun shinkafar, ko takardar da suke rubuta wasiƙa a kai. In sunan ya ƙare da Limited ko Ltd, kuma lambar rajistar ta fara da RC, to kamfani ne mai zaman kansa: aljihunsa daban, aljihun Alhaji mai kamfanin daban. Bashin da kuke bi, kamfanin kuke bi, ba za a taɓa gidan Alhaji na Mabera ko gonarsa ta Kware saboda shi ba, ko da shi kaɗai ne ke juya komai. In kuwa lambar ta fara da BN, sunan kasuwanci ne kawai aka yi wa rajista, wato Alhaji ne ya sa riga mai wani suna. A nan maganar rushewa ba ta ma taso ba, shi kansa za ku kai ƙara, kuma dukiyarsa ta ƙashin kai tana cikin abin da za a iya kamawa. Ɗanka zai iya duba wannan a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a waya, cikin minti biyar. Na taɓa ganin ma'aikata sun yi wata uku suna tara kuɗin lauya domin a rushe wani wuri, ashe ba kamfani ba ne tun farko.

Mu ɗauka Limited ne. Dokar da ke mulkin lamarin ita ce Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda lauyoyi ke kira CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na wannan shekarar, ta maye gurbin ta 1990. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da ikon rushe kamfani. Ba kotun shari'ar Musulunci ba, ba majistare ba, ba Babbar Kotun Jiha ba. Tana da reshe a nan Sakkwato, amma ana bin inda rajistar ofishin kamfanin ko hedikwatarsa take ne, saboda haka in masana'antar na nan, ofishin rajista na Kano ko Abuja, a shirya wa tafiya.

Ma'aikacin da ke bin albashi mai bin bashi ne kamar kowa, yana da damar shigar da wannan ƙarar. Sashe na 572 ya faɗi yadda ake nuna kamfani ya gaza biyan bashi. Hanyar da aka fi bi ita ce mai bin bashin ya rubuta takardar neman biya, ya kai ta ofishin rajistar kamfanin ko hedikwatarsa, ya jira mako uku. In ba a biya ba, ba a kuma daidaita da shi ba, doka ta ɗauka kamfanin ya gaza. Tsohuwar doka naira 2,000 ta sa a matsayin abin da bashin zai haura. Ta 2020 ta ɗaga shi zuwa naira 200,000. Gyaran da aka yi a farkon 2023 kuma ya miƙa wa CAC ikon tsayar da adadin, don haka lauyanku ya duba kafin ya rubuta. In kana karɓar naira 70,000 a wata, mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024, wata bakwai ya kama naira 490,000. Kai kaɗai ka haura adadin 2020.

To tunda ƙofar a buɗe take, me ya sa ba zan ce ku shiga da gudu ba?

Rushe kamfani rabon gado ne, ba karɓar bashi ba. Kotu ba za ta ce "a biya su Malam kuɗinsu" ba. Cewa za ta yi kamfanin ya mutu, ta naɗa wanda zai tattara abin da ya bari, ya sayar, ya raba wa duk masu bin bashi bisa jerin da doka ta tsara. Wanda ya kai ƙarar, ya biya lauya, ya biya kuɗin buga sanarwa a jaridu, ba ya samun fifikon ko anini a kan wanda ya zauna a gida. Ranar da aka ba da umarnin rushewa kuma, aikinku ya ƙare; umarnin da kansa tamkar takardar sallama ne.

Jerin rabon ba baƙo ba ne ga mutumin Sakkwato. Ka tuna yadda malamanmu na Malikiyya ke karantar da abin da ake fitarwa daga dukiyar mamaci. Na farko shi ne haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai, kamar kayan da aka jinginar. Sai kuɗin likkafani da jana'iza. Sai basussuka. Sai wasiyya. Magada su ne na ƙarshe, in an samu ragowa. Kusan haka abin yake a sashe na 657. Bankin da aka jinginar wa fili da gini da injina, shi ne mai haƙƙin da ya rataya a kan abu: zai ɗauki nasa daga kuɗin waɗannan kadarorin kafin kowa, kafin ma'aikata, har kafin kuɗin gudanar da rushewar. Dokar 2020 ta faɗi wannan ƙarara. Daga nan sai "kuɗin jana'iza", wato ladan mai rabon da lauyoyinsa da masu ƙiyasta farashi da masu gwanjo. Sai basussuka masu fifiko, inda kuke. Sai sauran masu bin bashi, irin dillalin da ya kawo shanshera ba a biya shi ba, da mai gas, da mai buhu. Masu hannun jari su ne magada, su ne na ƙarshe.

Fifikon naku gaskiya ne, kada a raina shi. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan kare albashi tun 1960, kuma ita ce ta ce a sa ma'aikata cikin masu fifiko idan wurin aiki ya karye. Dokarmu ta ambaci albashin ma'aikacin ofis, da ladan lebura ko na wata yake karɓa ko na jinga, da kuɗin hutun da ya taru ba a biya ba. Wato 'yan dako da masu ɗinkin buhu da ake biya bisa ƙirge, su ma suna ciki, matuƙar kamfanin ne ya ɗauke su ba wani ɗan kwangila ba. Sai dai ba ku kaɗai ne a sahun ba. Harajin gwamnati na nan, kuɗin fansho da aka cire ba a tura ba na nan, na NSITF na nan. Dukanku kafaɗa da kafaɗa kuke, in kuɗin bai isa ba kowa ya samu gwargwadon bashinsa. Garatuti da kuɗin madadin notis kuwa ba a ambace su a jerin ba, kada ka sa su a lissafin abin da ke da fifiko.

Bari in ƙaddara maka lissafi, don ka ga yadda abin ke kasancewa. A ce fili da gini da injina an sayar naira miliyan 300, banki na bin miliyan 350 kuma duk an jinginar masa da su. Wannan ya tafi, har bankin na neman ciko. A ce akwai tireloli biyu da ragowar shinkafa a sito da kuɗin da wasu 'yan kasuwa ba su biya ba, duka miliyan 30. An cire miliyan 6 na ɗawainiya, saura 24. Ku arba'in kuna bin miliyan 19 da dubu 600, haraji miliyan 12, fansho miliyan 8 da dubu 400, jimilla miliyan 40. Kowa zai samu kashi 60 cikin 100. Kai da kake bin 490,000 za ka karɓi 294,000, kuma ba bana ba. Yanzu cire tirelolin nan da shinkafar daga lissafin, ka ce Alhaji ya riga ya sayar da su tun watan jiya. Me ya rage? Kun biya lauya, kun yi zarya, kun kashe kamfanin, banki ya kwashe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai wani bambanci a nan da ya kamata lauyanku ya tono. Jingina iri biyu ce. Akwai wadda ta kama abu takamaimai, kamar fili mai lamba kaza ko inji kaza. Akwai kuma mai shawagi, wadda ke lulluɓe kayan da ke shiga da fita, kamar shinkafar sito da kuɗin da ake bin abokan ciniki. Sashe na 657 ya ce basussuka masu fifiko suna gaban mai jingina mai shawagi, don haka a nan ne kuke da abin kamawa, ko da yake lauyoyin banki za su jawo wani ƙaramin sashe su ce duk mai jingina yana gaba. Ana wajabta wa kamfani yin rajistar jingina a CAC, saboda haka binciken fayil ɗinsa zai nuna wane banki, nawa, a kan me. Wannan binciken kuɗinsa kaɗan ne, kuma ni ba na karɓar shari'ar rushewa sai na yi shi.

Matsala ta biyu ita ce musu. Kotuna ba sa yarda a mayar da ƙarar rushewa hanyar karɓar bashin da ake jayayya a kansa da gaskiya. Kotun Ƙoli ta jaddada wannan a 2004, a shari'ar kamfanonin jiragen sama na Air Via da Oriental Airlines. In lauyan kamfanin ya miƙe ya ce an sallame ku tun wata na uku, ko ya ce an yi yarjejeniyar babu aiki babu biya, kuma maganar na da ƙamshin hujja, za a kori ƙarar a ce ku je ku fara tabbatar da bashin. Inda ake tabbatar da shi kuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba ta ita kaɗai ikon sauraron rikicin albashi da fansho da garatuti, kuma tana zama a Sakkwato.

Ni a ganina can ya kamata ƙarfinku ya fara tafiya. Dokar Ƙwadago ta ce kada tazarar biyan albashi ta wuce wata guda. Ta kuma ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, abin da masu wuraren aikinmu da yawa ba sa yi. Rashin takardar ba ya kashe haƙƙinka. Alat ɗin banki na watannin da aka biya, katin shaida, littafin sa hannu na safe, saƙon manaja a WhatsApp yana cewa a yi haƙuri sai ƙarshen wata, duk shaida ne. Kowane ɗayanku ya rubuta ranar da ya fara aiki, nawa yake karɓa, wane wata aka tsaya. Kotu ba ta yanke hukunci a kan "suna bin mu kuɗi masu yawa". Sai an ƙirga mata na kowa daban. In kun samu hukunci, za a iya neman umarnin riƙe kuɗin kamfanin da ke asusun banki, ko a kama motoci a yi gwanjonsu. Kuma da hukunci a hannu, in har daga baya kuka ga rushewar ce mafita, babu sauran bakin musu.

Amma a yi da zafi-zafi. Idan wani mai bin bashi ya riga ku shigar da ƙarar rushewa kuma aka amince da ita, doka na lissafa farkon rushewar daga ranar da aka shigar da ƙarar, ba ranar hukunci ba. Duk kamun kaya da aka yi bayan wannan ranar ya ɓaci. Bayan umarnin rushewa kuma, shari'arku ta Kotun Ma'aikata ba za ta ci gaba ba sai da izinin Babbar Kotun Tarayya. In hakan ta faru, ko banki ya turo risiba, wato wanda yake naɗawa ya riƙe kadarorin da aka jinginar masa, ya karɓe geti, kada ku tsaya kallo: ku kai wa wanda aka naɗa lissafin bashinku a rubuce, da shaidunku, ku karɓi shaidar ya karɓa. Wanda bai gabatar da nasa ba, ana rabo ba da shi ba.

To yaushe ne ƙarar rushewa ke da amfani? A wuri biyu na ga tana aiki. Na farko, idan kamfanin na da abin biya, ƙi ya yi. Takardar mako ukun nan tana girgiza mai kamfani fiye da zanga-zangar bakin geti, domin ya san in aka kai ga buga sanarwa a jarida, bankinsa zai gani, masu ba shi kaya bashi za su gani, kowa zai taso. Sau da yawa a cikin kwana 21 ɗin nan ne kuɗin da aka ce babu suke fitowa. Na biyu, idan ana kwashe kaya da dare. Bayan shigar da ƙara kotu na iya naɗa mai riƙon ƙwarya ya tsare dukiyar, kuma duk abin da aka sayar daga ranar ba tare da izinin kotu ba, cinikin bai inganta ba. Mai rabon na da ikon bin sawun abin da aka sayar wa ƙanen Alhaji a farashin banza, ko bashin surukinsa da aka biya aka bar na sauran. Dokar 2020 ta kuma ba kotu damar ɗora wa daraktoci biya daga aljihunsu idan suka ci gaba da cin bashi alhali sun san jirgin ya riga ya nitse. Hanya ce mai tsawo da tsada, kada wani lauya ya ce maka ta wata shida ce. Tsoffin ma'aikatan Nigeria Airways, kamfanin gwamnati ne ma, ya daina tashi a 2003, amma har 2018 ana maganar biyansu haƙƙoƙinsu.

Na san kafin duk wannan za a nemi sulhu, kuma ban hana ba. Za a je wurin limamin unguwa ko wani dattijo da Alhaji ke jin nauyinsa, a tuna masa hadisin biyan ɗan ƙodago kafin guminsa ya bushe. Ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ma na kiran ɓangarori biyu a zauna. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wataƙila mutumin da gaske ya shiga matsi. Abin da nake roƙonku shi ne kada ku tashi daga zaman da "in sha Allahu" kawai. Ku fito da takarda mai ɗauke da abu uku: kamfanin ya amsa cewa kowane mutum na binsa naira kaza, ga ranakun biya, kuma Alhaji ya sa hannu da sunansa shi kansa a matsayin wanda ya tsaya wa bashin. Na ukun ya fi sauran daraja nesa ba kusa ba, domin shi ne ke tsallake katangar Limited ɗin nan ya kai ga aljihunsa. Lauya ya rubuta ta, in kuma akwai shari'a a gaban kotu, a shigar da yarjejeniyar ta zama hukunci. In ya ƙi sa hannu da sunansa, kun san nauyin alkawarin nasa.

Abubuwa kaɗan da ke jawo wa ma'aikata asara a irin wannan hali. Kada kowa ya ɗauki janareta ko buhun shinkafa ya ce a bakin albashinsa; washegari shi ne a hannun 'yan sanda, mai bin bashi ya koma wanda ake tuhuma. Kada ka sa hannu a takardar da ta ce ka karɓi cikakken haƙƙinka don an miƙo maka kuɗin wata ɗaya. Kada ka rubuta takardar ajiye aiki cikin fushi. Wanda ya shekara biyar yana da haƙƙin notis na wata guda, wanda ya yi tsakanin shekara biyu zuwa biyar na mako biyu, kuma wanda ya tafi da kansa ya yafe wannan.

Sai fansho. In ana cire muku, dokar fansho ta 2014 ta ce kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga kamfani, a tura cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Abin da ya riga ya shiga asusunka naka ne, ba ya cikin dukiyar da za a raba, banki ba ya taɓa shi. Je ka ofishin kamfanin fanshonka ka nemi bayanin asusu. In ka ga an daɗe ana cirewa ba a turawa, ka kai kuka hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom. Kuma in aikin ya ƙare ka yi wata huɗu ba ka samu wani ba, kana iya cire kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki.

Batun kuɗin lauya, ku arba'in in kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa zai ɗauki binciken CAC da shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata, kuma ku leƙa ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ku ji ko za su karɓe ku. Takardar neman biyan kuwa, ko lauya ne ya tsara ta, kai za ka sa mata hannu da kanka, domin dokar cewa ta yi mai bin bashin ya sa hannunsa, kuma an sha ɓata lokaci a kotu a kan wannan. A yi kwafi biyu, a kai ofishin da ke rubuce a rajistar CAC, ba wurin maigadin masana'anta ba, wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da kwanan wata a kan naka kwafin. Daga washegari sai ka fara ƙirga kwana 21.